Da Izinin Wa? Addu'a, Warkarwa da Rigimar Iko a Tarihin Aladura

Duk wanda ya taɓa zama a Sabon Garin Kano, ko na Zariya, ko kuwa a Kaduna, da wuya a ce bai taɓa gamuwa da waɗansu Kiristoci masu fararen riguna har ƙasa ba, ƙafa ba takalmi, wani lokaci da ƙararrawa a hannu. Su ne aka fi sani da sunan Aladura, ko da yake ba dukan 'yan Aladura ne ke sa farar riga ba. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Kalmar adura ta Yarbanci daga Larabci ta samo asali, ita ce addu'a, saboda haka Aladura ma'anarsa masu addu'a. Haka kuma sunan da suke kiran mai gani a cikinsu, watau woli, tushensa ɗaya da waliyyi. Musulunci ya riga Kiristanci shiga ƙasar Yarbawa, kuma sa'ad da 'yan mishan suka zo fassara littattafansu, sai suka iske kalmomin ibada a shirye, suka ara.

Tarihin waɗannan ikkilisiyoyi, daga shekarar 1918 zuwa 1943, tarihin gardama ne a kan tambaya guda. Babu Kiristan da ya taɓa musun cewa Allah yana warkarwa. Abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa shi ne: ta hannun wa, kuma da izinin wa? A farkon sura ta tara ta Linjilar Luka, inda aka ba da labarin aiken almajirai goma sha biyu su yi wa'azi su warkar da marasa lafiya, an yi amfani da kalmomi biyu na Girkanci. Ɗaya, dunamis, ƙarfin aikata abu ne. Ɗayar, exousia, hurumin aikata shi. A Hausance, iko da izini ke nan. Muddin abubuwan nan biyu suna hannun mutum ɗaya, zaman lafiya ake yi. Rikici yakan tashi ne ran da wani ya bayyana da abin da jama'a suka gaskata iko ne, alhali ba shi da takardar kowa.

An fara ganin alamar haka a yankin Neja Delta. Garrick Braide, mutumin Bakana, ɗan ikkilisiyar Angilikan ne wanda ba a naɗa shi limami ba. Cikin 1915 da 1916 sunansa ya cika yankin saboda addu'ar warkarwa, mutane suka riƙa ƙona gumakansu, suna kiransa Iliya na biyu. Bishof James Johnson, wanda shi ma baƙar fata ne, da fari ya yi murna da cikar majami'u, daga baya ya juya masa baya da ya ga mabiyan sun fi jin maganar Braide a kan ta limamai. Ita kuwa gwamnati nata dalilin daban ne: Braide ya hana shan barasa, kuma kuɗin fiton barasar da ake shigowa da ita babban ginshiƙi ne na baitulmalin Kudu. Aka kama shi a 1916, aka ɗaure shi, ya rasu a watan Nuwamba na 1918. Duk abin da zai faru a ƙasar Yarbawa daga baya yana nan a taƙaice cikin labarinsa.

Shekarar Marisuwa

Cikin watan Satumba na 1918 annobar mura, wadda Hausawa suka laƙaba wa Marisuwa, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Ikko, watau Legas, ta bi hanyar jirgin ƙasa ta watsu ko'ina. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum rabin miliyan a Nijeriya cikin 'yan watanni. Likitocin Turawa ba su da maganinta, bokaye ma haka. Abin da hukuma ta iya yi shi ne hana taro, sai aka rufe makarantu da majami'u. Ya kamata a lura da nauyin wannan al'amari a zuciyar mai bi: a daidai lokacin da ya fi bukatar Allah, sai aka garƙame ɗakin Allah.

A garin Ijebu-Ode, waɗansu 'yan majami'ar Angilikan ta St. Saviour's suka ci gaba da haɗuwa suna addu'a ba tare da limami ba. Jagoransu Joseph Shadare ne, maƙerin zinariya. Sai ga wata yarinya malamar makaranta a wani ƙauye kusa da nan, Sophia Odunlami, ta ce an nuna mata a wahayi cewa ruwan sama da addu'a su ne maganin annobar, kuma dogara ga wani magani zunubi ne. Ƙungiyar da ta tsiro daga nan suka sa mata suna Egbe Okuta Iyebiye, watau Ƙungiyar Dutse Mai Daraja.

A nan ya wajaba a tsaya a kan maganar ƙin magani, domin wanda bai fahimce ta ba zai ɗauki mutanen nan jahilai, alhali akasarinsu akawuna ne da malaman makaranta. Kalmar oogun ta Yarbanci daidai take da kalmar magani ta Hausa wajen faɗi. Bahaushe yana cewa maganin ciwon kai, yana kuma cewa maganin bindiga da maganin farin jini. Sassaƙe magani ne, laya ma magani ce. Haka abin yake ga Bayarabe. Shi boka ba ya raba ganye da tsafin da ake yi kafin a tsinko ganyen. 'Yan mishan sun zo sun ce a jefar da na boka, a karɓi na asibiti, suna ganin bambancin a fili yake. Amma ga mutanen Shadare, kwalbar likita da ƙoƙon boka duk oogun ne, duk dogara ce ga wani abu da ba Allah ba. Suka kuma lura da abin da kowa ya sani ba a faɗi: Kirista da yawa suna zuwa majami'a ran Lahadi, in ciwo ya yi tsanani su lallaɓa wurin boka da dare. A ganinsu dalilin haka shi ne addinin mishan ya koyar da karatu da ladabi da tsabta, amma bai ba mutum abin da zai kare kansa daga maita da annoba da mutuwar 'ya'ya ba. Suka buɗe Littafi Mai Tsarki suka ga Yesu yana warkarwa, manzanni suna warkarwa, Wasiƙar Yakubu a sura ta biyar ta umurci mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su shafa masa mai su yi masa addu'a. Suka tambaya, yaushe aka soke wannan? Tambaya ce mai wuyar amsawa, kuma limaman Angilikan ba su amsa ta yadda ta gamsar ba.

Wajen 1922 aka rabu. Hukumar ikkilisiya ta ƙi yarda da ƙin magani, da dogara ga mafarki, da ƙin yi wa jarirai baftisma, kuma malaman makarantar da ke cikin ƙungiyar suka rasa aikinsu. To, amma abin da ya biyo baya shi ne abin mamaki. Mutanen da suka ce ikonsu daga Allah yake kai tsaye ba su jure zama ba tare da wani ya sa musu hannu ba. Wani akawu a Ikko, David Odubanjo, ya daɗe yana karanta wata mujalla mai suna Sword of the Spirit, ta wata ikkilisiya a birnin Filadelfiya ta Amurka da ake kira Faith Tabernacle, wadda ita ma ta haramta magani. A 1923 ƙungiyar ta haɗe da ita ta ɗauki sunanta. Shugabanta, Ambrose Clark, bai aiko da ɗan mishan ko ɗaya ba. Ta wasiƙa yake koyarwa, ta wasiƙa yake naɗa fastoci. Izini ke nan ta gidan waya. Ta hanyar akawunan gwamnati da ma'aikatan reluwe da ake yi wa canjin wurin aiki, rassan ƙungiyar suka kai har Minna da Jos da Zariya da Kaduna da Kano, amma tsakanin 'yan Kudu mazauna can suka tsaya. Bayan 'yan shekaru abin kunya na aure ya faɗa wa Clark, ikkilisiyarsa ta tsage, mabiyansa na Nijeriya suka zama kamar marayu.

Ana cikin haka wani reshe dabam ya tsiro a Ikko. A watan Yuni na 1925, lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa take addabar birnin, wata budurwa 'yar Angilikan, Christiana Abiodun Akinsowon, ta je kallon jerin gwanon bikin Katolika, ta komo gida ta faɗi cikin wani irin dogon suma, tana cewa mala'ika ya kai ta sama. Aka kira Moses Orimolade, wani mai wa'azi ɗan Ikare wanda ƙafarsa ba ta da lafiya, bai yi makaranta ba amma ya haddace nassoshi da yawa. Ya yi mata addu'a ta farfaɗo. Taron da ya riƙa zuwa jin labarinta shi ya zama ƙungiyar Kerubim da Serafim, masu fararen riguna. Sun ce ba mutum ne ya kafa ta ba, kuma Mala'ika Mika'ilu ne jagoranta. Sai dai jagorancin mala'ika bai hana mutane saɓani ba. A 1929 Orimolade da Abiodun suka rabu, kuma kafin ya rasu a 1933 ƙungiyar ta kasu fiye da gida uku. In kowa yana iya ganin wahayi, wa zai raba gardama ran da wahayi biyu suka yi karo? Wannan ita ce matsalar da ta bi Aladura duk inda suka je.

Babalola da Oke Ooye

Joseph Ayo Babalola an haife shi a 1904 a Odo-Owa, wanda a lokacin yana cikin Lardin Ilori, watau a ƙarƙashin gwamnatin Arewa. Direban injin daɓen hanya ne a Ma'aikatar Ayyuka. A watan Oktoba na 1928, yana aiki a hanyar Ilesha zuwa Akure, kusa da Ikeji-Arakeji, injin ya tsaya. Ya ce ya ji murya ta kira sunansa, ta umurce shi ya bar aikin ya shiga wa'azi. Ya ajiye aiki, ya shiga azumi, ya fito da ƙararrawa da sandar ƙarfe da ruwan da ya yi wa addu'a. Mutanen garinsu suka ce ya haukace, ikkilisiyar Angilikan ta kore shi. A ƙarshen 1929 shugabannin Faith Tabernacle suka karɓe shi, suka yi masa baftisma ta nutsarwa a Ikko.

A watan Yuli na 1930 shugabannin suka taru a Ilesha, a unguwar Oke Ooye, domin su sasanta wani saɓani a kan magani da kuma baftismar masu mata fiye da ɗaya. Ba a gama taron ba. Aka ce an zo wucewa da gawar wani yaro za a kai kabari, Babalola ya yi addu'a, yaron ya tashi. Ma'aunin masanin tarihi ba ya iya auna mu'ujiza, ko ya tabbatar ko ya ƙaryata. Abin da yake iya aunawa shi ne abin da ya biyo baya, kuma wannan yana rubuce cikin rahotannin Di'o da na 'yan mishan waɗanda ba masoyan Babalola ba ne. Har kusan wata biyu mutane dubbai suna kwarara Ilesha a ƙasa da cikin motoci, kowa da kwalbarsa ko ƙwaryarsa ta ruwa. Babalola yakan kaɗa ƙararrawa, ya yi addu'a a kan ruwan, su sha su yi wanka, suna kiransa omi iye, ruwan rai. Aka tara layu da guraye da gumaka tsibi tsibi aka cinna musu wuta. Majinyata suka riƙa barin asibitin mishan na Wesley Guild da ke garin, waɗansu ma 'yan'uwansu ne suka ɗauke su, suna tafiya Oke Ooye.

Ba a rasa dalilan duniya ba. Kasuwa ta faɗi a duniya tun 1929, farashin koko ya zube, kuɗi ya yi wuya, ga haraji. Amma talauci kaɗai bai isa ya bayyana abin ba, gama an sha talauci a wurare da yawa ba a ƙona gumaka ba. Abin da Babalola ya kawo shi ne Kiristanci cikin harshen da manomi yake ji: ga ikon da ya fi na boka, kuma kyauta ne. Wani abin ban dariya kuma, waɗanda suka fi cin ribar farkawar su ne masu sukarta. Faith Tabernacle ba ta da malamai ko makarantun da za su ɗauki wannan taro, sai dubban sababbin tuba, musamman a ƙasar Ekiti da Ijesha, suka cika majami'un Angilikan da na Metodis.

Daga nan masu tambayar izini suka taso ta fuska uku. 'Yan mishan suka ce ana kwashe musu mabiya, ana kuma jefa rayuka cikin hatsari. Waɗansu sarakuna suka ga ana rushe tsafin da sarautarsu ta dogara a kai, ko da yake Sarkin Efon-Alaaye ya karɓi Babalola hannu biyu biyu ya ba shi masauki. Gwamnati kuwa, wadda ba ta manta da boren matan Aba na 1929 ba, tsoronta shi ne kada wa'azi ya juya ya zama ƙin biyan haraji. Razdan na Lardin Oyo, Kyaftin Ross, bai ɓoye ƙiyayyarsa ba, aka kuma matsa wa sarakuna kada su ba da filin gina majami'a. A 1932 aka kama Babalola bisa zargin cewa ya kira waɗansu mutane mayu, aka ɗaure shi wata shida a Binin.

Su kansu masu addu'ar sun ja iyaka a tsakaninsu. Josiah Ositelu, tsohon malamin Angilikan da aka sallama a 1926 saboda wahayinsa, ya kafa tasa ikkilisiyar a Ogere a 1930. Yana kiran Allah da waɗansu sunaye masu tsawo da ya ce an saukar masa, yana kuma da wani rubutu na asiri da ake yi daga dama zuwa hagu. Da ya nemi haɗuwa da mutanen Faith Tabernacle a 1931, suka ƙi, suka ce sunayen nan ba su cikin Littafi Mai Tsarki, kuma sun yi kama da surkullen da aka gudo daga gare shi. Ashe wahayi ma yana da alƙali, kuma alƙalin nassi ne. Ikkilisiyar Ositelu ta ci gaba ita kaɗai, ta kai Saliyo da Laberiya a 1947, ta shiga Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya a 1975.

Rigimar kwinin

Matsin gwamnati ya koya wa shugabannin Faith Tabernacle cewa a ƙasar da Bature ke mulki, ikkilisiyar da ba ta da Bature ba ta da murya. Suka nemi taimakon Filadelfiya ba su samu ba, sai suka juya ga wata ikkilisiya ta Ingila mai suna Apostolic Church, wadda ta samo asali a Wales. A watan Satumba na 1931 shugabanninta uku, D. P. Williams da W. J. Williams da Andrew Turnbull, suka sauka Ikko, aka ƙulla yarjejeniya, suka ɗora wa shugabannin Nijeriya hannu suka naɗa su. A 1932 aka aiko da 'yan mishan biyu su zauna, George Perfect da Idris Vaughan. Hankalin hukuma ya kwanta, aka sami damar buɗe makarantu.

Zaman bai kai shekara goma ba. Aka gano cewa Turawan suna shan kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro. Su a wurinsu wannan ba wani abu ba ne: rigakafi ne, in ji su, ba neman warkewa ba, kuma jikin Bature bai saba da ƙasar ba. Ga mutanen da suka rasa aikinsu saboda wannan aƙida, waɗansu ma suka binne 'ya'yansu ba su kai su asibiti ba, wannan amsa ba ta shiga kunne. In Allah ya isa ya tsare baƙar fata, me zai hana ya tsare Bature? Idan kuwa wanda ya ɗora maka hannu shi kansa bai dogara ga ikon da yake wa'azinsa ba, mene ne darajar naɗin nasa? Tsakanin 1939 da 1940 aka rabu. J. A. Babatope na Ilesha da S. G. Adegboyega suka zauna tare da Turawa. Odubanjo da Babalola da Isaac Akinyele na Badun suka fita, kuma bayan 'yan canje-canjen suna, aka yi wa ikkilisiyarsu rajista a 1943 da sunan Christ Apostolic Church. Akinyele ne shugabanta na farko, shi ne kuma ya zama Olubadan, Sarkin Badun, daga 1955 har rasuwarsa a 1964, yayin da ɗan'uwansa A. B. Akinyele ya kai matsayin bishof a Angilikan.

Za a iya cewa Turawan sun fi gaskiya ta fuskar likitanci, domin kwinin yana aiki, kuma babu shakka aƙidar ƙin magani ta jawo mutuwar waɗanda da an yi musu magani da sun rayu. Amma ta fuskar hujja 'yan ƙasa ne suka fi tsayawa a kan magana ɗaya. Turawan sun koyar da abu, suka keɓe kansu daga hukuncinsa, irin keɓewar da mulkin mallaka ya saba yi a kowane fanni. Shi ya sa J. D. Y. Peel, wanda littafinsa a kan Aladura ya fito a 1968, da waɗanda suka biyo bayansa, ba su ɗauki wannan motsi a matsayin komawa ga gargajiya ba. Mutanen nan sun fi 'yan mishan tsananta wa tsafi.

Bayan samun rajista, sai ikkilisiyoyin suka shiga gina irin abin da suka fito daga cikinsa: tsarin mulki a rubuce, muƙamai hawa hawa, makarantun horar da fastoci, da dokokin da ke iyakance abin da woli zai faɗa a bainar jama'a. Rassan Kerubim da Serafim na Arewa suka haɗa kansu a 1941, suka mai da Kaduna cibiyarsu. Christ Apostolic Church, wadda ba ta yarda mata su haihu a asibiti ba, ta buɗe gidajen haihuwa nata inda ungozomomi ke aiki da addu'a da ruwa, kuma da tafiya ta yi tafiya mabiyanta da yawa suka koma ganin likita ba tare da an kore su ba. Daga cikin Kerubim da Serafim ne Josiah Akindayomi ya fito ya kafa Redeemed Christian Church of God a 1952, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan ikkilisiyoyin Fentikos na Afirka.

Babalola ya rasu a Ede a watan Yuli na 1959, bai taɓa zama shugaban ikkilisiyar ba. Muƙaminsa babban mai bishara ne. Daga farkon shekarun 1990 ikkilisiyar ta rabu gida biyu, aka shafe shekaru da dama ana shari'a a kotunan gwamnati, kuma babban abin da ake jayayya a kansa shi ne wane ɓangare ne ke da haƙƙin riƙe takardar rajista. A 2006 ta buɗe jami'a mai ɗauke da sunan Babalola a Ikeji-Arakeji, wurin da injin daɓen hanya ya tsaya.